Birkin Gwani

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, ma'aikacin ofis, mai farar riga da ƙyallin takalmi. Mutanen layinsu Gwani suke ce masa. Gogan naku kuwa ya ɗauka yabo ne.

Ba ya sata, ba ya caca. Ciwonsa ɗaya ne: ba a gaya masa magana. Kana buɗe baki zai ce, "Na sani."

Yana da ƙane bakanike, uwa ɗaya uba ɗaya. In ƙanen ya miƙo hannu, yatsu biyu Gwani ke ba shi, wai kada baƙin mai ya taɓa shi. Abin da ke ƙona wa Gwani rai shi ne mahaifiyarsu. Kome ya lalace a gidan, sai ta ce a kirawo ƙaramin.

Ran nan birkin motarsa ya fara ƙara. Ya rantse shi zai canza fad ɗin birkin, wato abin da ke matse taya ta tsaya, da hannunsa, a tsakar gida, a gaban tsohuwa, don ta san ta haifi wani ɗan. Tsakar gidan kuwa gangare ce, daga inda ake ajiye mota har ƙofa. A gindin ƙofar nan tsohuwa ke zama kan kujerarta da hantsi, tana gasa gwiwoyinta a rana.

Ya kafa jak, ya cire taya. Ya jingina waya da bulo yana kallon bidiyon yadda ake yi, yana tsallake rabi, tunda ai ya sani. Sabon fad ya ƙi shiga. Ya zagi mai shago, ya zagi waɗanda suka ƙera motar. Da ƙyar ya gano fistin da ke turo fad ɗin ne ya fito ya cike wurin. Ya sa ƙarfe ya danna shi ciki, fad ya zauna. Ku zo ku ga taƙama! Kai ka ce jirgin sama ya ƙera.

Yana ɗaure taya ta ƙarshe sai ga ƙanen ya shigo gai da tsohuwa. Ya dubi aikin ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Yaya. Ka mai da fistin ciki ko? To, kafin ka tayar..."

"Kai, rufe min baki! Ni za ka koya wa? Da kana da kai, da ba ka ƙare a ƙarƙashin motocin mutane ba."

Ƙanen ya juya. Ya je ya tsuguna gaban uwarsu, da niyyar in wan ya huce ya sake gaya masa.

Jama'a, mece ce maganar? Duk wanda ya mai da fistin ciki, sai ya tattaka birki mota na tsaye har ya yi tauri. In bai yi ba, takun farko iska ce. Iyakarta ke nan.

Gwani ko hannu bai wanke ba. Ya faɗa mota, ya tayar, ya sauke birkin hannu, ya sa ribas, ya leƙo ya ce, "Inna, kalli nan!"

Mota ta gangaro. Ya taka birki, ƙafa ta tafi har ƙasa. Ya sake takawa? Ina! Ya ja birkin hannu? Ina! Mai cewa ya san kome ya ƙanƙame sitiyari yana ihu.

Ƙanen ya sunkuci tsohuwa ya jefa ta gefe. Shi bai samu fita ba. Mota ta haɗa hannunsa na dama da ginshiƙin ƙofa. A asibiti aka yanke hannun, hannun da yake ci da iyalinsa da shi.

Sai kwana na uku Gwani ya iya shiga ɗakin da aka kwantar da ƙanen. Tsohuwa na zaune a bakin gado, ba ta ko ɗago kai ba. Ƙanen ya dube shi ya ce, "Yaya, cewa zan yi ka tattaka birki sau biyar."

Wannan karon bai ce ya sani ba.

Ya 'yan uwa, girman kai rawanin tsiya ne, kuma ba mai rawanin kaɗai tsiyar ke ci ba. Wa ka katse yau don rigarsa ta yi datti? Maganar wa ka ƙi bari ta kai ƙarshe?

Ya Allah, Ka ba mu kunnen sauraren na ƙasa da mu, kada wani ya rasa hannu a kan taurin kanmu. Allah ya kiyaye mu, amin.