Allon da Ya Faɗi a Kan Dutsen Niƙa

Akwai wani mutum, manomi, yana zaune a ƙauye da matarsa, dukansu biyu sun manyanta. 'Ya'yansu sun watse neman abinci, aka bar su da 'yan awaki da gonar dawa a bayan gida. Matar ce take karanta musu Maganar Allah kowace safiya tun suna da ƙuruciya, amma idonta ya fara dushewa, har baƙaƙen suka zama mata kamar tururuwa suna tafiya a kan takarda.

Suna da 'ya mai suna Keziya, tana aikin jinya a birni. Da ta zo Kirsimeti sai ta kawo musu kwamfutar hannu, irin mai faɗin nan marar kauri, kamar allon da yaran makarantar mishan suke rubutu a kai a zamanin dā. Saboda haka mutumin ya sa mata suna allo, sunan kuwa ya bi ta. Keziya ta nuna wa uwarta yadda za ta buɗa yatsu biyu a kan fuskarsa, baƙaƙen su yi girma. Tsohuwar ta gwada, ta yi dariya, ta ce, “Kai! Wannan rubutu ai ko daga bakin rijiya zan gan shi.”

Kafin ta koma, Keziya ta zauna kusa da mahaifinta ta ce, “Baba, wannan shi ne iyakar ƙarfina yanzu. Akwai babbansa, wanda yake karanta wa mutum da murya, ko idon Mama ya ƙara yin baya za ta riƙa ji. Shagon da na saya suna karɓar tsoho su ba da sabo, mutum ya yi ɗan ciko. Amma fuska suke dubawa. In fuskar ta tsage ba sa ko ɗaga shi. Ni kuwa ba zan iya sayen sabon ba sai da wannan a hannu.”

Mutumin ya ce, “Ni za ki koya wa adana? Garmar da na gada wurin kakanki tana nan, je ki duba ta.”

Ya kuwa adana shi. Ya ɗauki kwalin da allon ya zo a ciki ya sa a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin kayan zuwa sujada. Ya yanki tsohon bargo ya ɗinka masa jaka da hannunsa. Ya kafa doka a gidan, ba mai taɓa allo sai ya wanke hannu da sabulu, ba a ajiye shi a ƙasa, ba a kai shi kusa da murhu, ba a barinsa a rana. In wutarsa ta yi ƙasa, ba ya ba masu caji na kasuwa, inda ake tara wayoyi kamar kifi a faifai. Shi da kansa yake kai shi gidan fasto, inda akwai wutar sola, ya zauna kusa da shi har ya cika. Kowace yamma kuma yakan hura wa fuskar iska, ya goge ta da farin ƙyalle, ya karkata ta ga haske ya duba.

Matarsa takan ce, “Baban Keziya, da ni ka riƙe haka ai da ban tsufa ba.”

Shi kuma ya ce, “Ke ai ba za a mayar da ke shago ba.”

Haka suka zauna, damina ta zo ta wuce. Safiya ta sāke yi musu daɗi, gama matar tana karatu, wani lokaci kuma ta kunna waƙoƙin yabo tana bi. Amma idon bai tsaya inda yake ba. Kafin dawa ta nuna, ko manyan baƙaƙen sai ta kawo su dab da hancinta. Keziya ta aiko cewa ta haɗa cikon, in an gama girbi su zo birni da allon a yi musaya.

Ana nan, wata safiya mutumin yana gona. Matar tana zaune a tsakar gida da allon a cinyarta, waƙa tana tashi, ga kuɓewar da ta yanka ta shanya a tabarma. Sai akuyarsu ta tsinke igiya ta nufi shanyar. Tsohuwar ta zabura za ta kore ta, ta manta da abin da yake cinyarta. Allon ya sulale ya faɗi rub da ciki a kan dutsen niƙa. Ƙarar ba ta fi ta fashewar ƙwai ba, waƙar ma ba ta tsaya ba. Da ta ɗaga shi ta shafa fuskar da yatsa, sai ta ji tsaga ta bi ko'ina, daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar saƙar gizo-gizo.

Da mijin ya dawo ya tarar da ita a wurin, ba ta ko hura wuta ba. Ya karɓi allon ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sa'an nan ya ce, “Kuɓewa! Saboda kuɓewa kika yi mana wannan? Ke dai hannunki bai taɓa riƙe abu ya tsira ba. Yanzu me zan ce wa yarinyar nan?”

Ta ce, “Ka yi haƙuri, Maigida. Ai ni na fi kowa asara.”

Ya kashe allon, ya sa shi a jakarsa, ya sa jakar a kwali, ya sa kwalin a akwati, ya kulle. Daga ranar gidan ya yi tsit. Da safe sukan durƙusa su yi addu'a a gajarce, kowa ya tashi ya kama aikinsa. Ba karatu, ba waƙa, tsokanar nan ma ta ɗauke. In Keziya ta kira ta tambayi allo, sai ya ce, “Sai dai mun zo,” ya juya maganar zuwa girbi.

Da aka shigar da dawa rumbu suka shiga mota zuwa birni. Mutumin ya rungume kwalin a ƙirjinsa duk tsawon hanya, ko da yake a ganinsa ba sauran abin da zai kāre. Keziya ta fito daga wurin aiki da fararen kayanta, ta tarye su a tasha, ta kai su shagon kai tsaye, tana ta murna. Mai shagon saurayi ne mai fara'a. Ya gaishe su, ya ba tsohuwar kujera, ya miƙa hannu zai karɓi kwalin.

Mutumin ya riƙe kwalin, ya juya wajen 'yarsa ya ce, “Keziya, kafin a buɗe, bari ki ji daga bakina. Allon ya fashe. Kin ba ni amana, a gidana kuwa ya fashe. Na kasa faɗa miki a waya.”

Matar ta ce, “Ba shi ba ne, 'yata. Ni ce. Daga cinyata ya faɗi.”

Murnar ta bar fuskar Keziya. Mai shago ya ce, “Baba, bari dai in gani.” Ya buɗe kwalin, ya zare allon daga jakar bargon, ya karkata shi ga haske. Sai ya yi murmushi. Ya sa farcensa a kusurwa, ya ɗaga a hankali. Fuskar nan da ta farfashe ta taso gaba ɗaya, siririya kamar ɓawon albasa, ya ajiye ta gefe. Ga wata fuska a ƙarƙashinta, baƙa, sumul, ba ko ƙwarzane.

Tsohuwar ba ta gani sosai. Ta ce, “Me yake yi? Me ya sa kuka yi shiru?”

Keziya ta dafa kai ta ce, “Wayyo, Mama! Gilashin kariya ne ya fashe. Ranar da na saya na sa aka manna masa, na manta ban gaya muku ba. Allon lafiyarsa ƙalau.”

Mutumin ya dubi fasasshen gilashin, ya dubi allon, ya ce, “Wato duk gogewar da nake yi kowace yamma, wannan nake gogewa?”

Mai shago ya ce, “Shi kake gogewa, Baba. Aikinsa ke nan, in an faɗi shi ya sha bugun.” Ya juya allon ya duba bayansa da gefunansa, ya kunna shi, ya ga wayar cajin a naɗe cikin kwali yadda ta zo. Ya ce, “Kai, Baba, a ina kake ajiye shi? Waɗansu sukan kawo nasu da miya a jiki. Na karɓa, ba gardama.”

Aka fito da sabon. Keziya ta taɓa shi, murya ta fara karatu a fili, kalma bayan kalma. Tsohuwar ta karkata kunne, ta rufe idon da ba ya yi mata aiki, leɓunanta suna bin karatun, gama ta san wurin da ka.

Mai shago ya ɗauki fasasshen gilashin zai jefa a kwandon shara. Mutumin ya ce, “Dakata, ɗana. Ba ni shi.”

“Baba, ba shi da sauran amfani. Zai ma yanke ka.”

“Na sani. Ba ni dai.”

Ya naɗe shi a hankicinsa ya sa a aljihun gaba. Sa'an nan ya sunkuya wajen matarsa, a gaban 'yarsa da baƙo, ya ce, “Maman Keziya, maganar da na faɗa miki ran nan ba gaskiya ba ce. Hannun nan ne ya riƙe ni da 'ya'yana. Ki yafe mini.”

Ta ce, “Na yafe tun tuni. Yi shiru mana, ana karatu.”

To, 'yan'uwa, ma'anar wannan misali ita ce. Allon nan ranka ne, da nawa. Ba mu muka saye shi ba, amana aka ba mu, aka kuma gaya mana tun farko cewa akwai ranar da za a mayar da shi hannun Mai shi, a ba mu wanda ya fi shi. Mutumin ya yi daidai da ya kiyaye abin da aka ba shi. Kada wani ya fita daga nan ya ce wanke hannu da ɗinkin jaka aikin banza ne. Mai shagon ya ga bayan allon, ya kuwa yaba. Ku yara, ku kiyaye idonku da bakinku da inda kuke sa ƙafa, gama abin da aka riƙe da kyau yana da daɗin miƙawa.

Amma kun ga iyakar kiyayewarsa. Yana gona, akuya ta tsinke igiya. Na daɗe a duniya, na ga mutane masu tsoron Allah, masu lura ƙwarai, sun faɗi a safiyar da ba ta bambanta da sauran safiya ba, a kan abin da bai fi kuɓewa ba. Da yawa cikinsu sun yi abin da mutumin nan ya yi. Sun kulle tsagar a akwati, sun daina karatu, sun daina waƙa, sun huce a kan wanda yake kusa da su. Waɗansu suna zuwa sujada har yau, suna zama a bencin baya, in an tambaye su sai su ce lafiya. Waɗansu kuwa na raka su kabari ba su buɗe akwatin ba, wannan yana damuna har yanzu.

Gilashin nan kuwa Mai Cetonmu ne. Tun ba mu san muna bukata ba aka sa shi tsakaninmu da dutse. Ba mu roƙa ba, ba mu biya ba, yawancin kwanakinmu ba mu ma lura yana nan ba, don ya manne da mu ƙwarai har muna tsammani fuskarmu ce muke gani. Da faɗuwa ta zo, shi ya sha bugun. Tsagar da kake gani kana kuka, ta gaske ce, ba wasa ba, amma a jikinsa take. Shi ya sa mutumin bai yarda a jefa gilashin a shara ba. Bai iya biyansa kome ba, sai dai ya riƙe shi kusa da zuciyarsa ya tuna.

Mu da furfura ta rufe, mun kusa isa gaban Mai shi. Idonmu yana dushewa, hannunmu yana rawa, mun kuwa san sau nawa abin ya sulale daga cinyarmu. Duk da haka ina gaya muku, ba da tsoro za mu je ba. In akwai wanda ya kulle nasa a akwati, ya je gida yau ya fito da shi, ya kawo shi yadda yake, ya faɗi gaskiya da bakinsa. In akwai wanda ya yi wa na kusa da shi baƙar magana a ranar faɗuwa, ya nemi gafara tun mai yafewa yana da rai. Sauran aikin an riga an yi mana shi.

Bari mu sunkuyar da kai, mu gode wa wanda aka farfasa dominmu.