Babandi da Fankar Kan Zakara

Akwai wani saurayi a unguwar Sabo ta Ibadan ana ce masa Babandi, kuma na rantse kafin mu yi nisa wasunku za su ce ƙirƙirar labarin nan na yi. To ku je ku tambayi duk wanda ya sha shayi a bakin titin Sabo wajen 1992. Idan ya ce bai san Babandi Zakara ba, baƙo ne.

Daga aji biyu na sakandare Babandi ya ajiye littafi. Shi dai cewa yake malaman ne suka roƙe shi ya tafi, wai tambayoyinsa sun fi ƙarfinsu. Tsokana kuwa a jininsa take. Yana zaune ne a gidan yayarsa Haulatu, matar Alhaji Hashim mai albasa a Kasuwar Shasha. Ita kuma tana sana'ar alkaki da dubulan a cikin gida.

Wata shekara wani kamfanin dunƙulen miya ya zo talla da mota da lasifika da kayan wani ƙaton zakara: riga mai gashi ja, ƙafafu rawaya, da kai mai girman tukunyar biki. Ana neman wanda zai shiga ciki ya yi rawa. Mutum uku suka gwada suka gudu. Babandi ya shiga, ya juya, ya karkaɗa bindi, kasuwa ta ɗauki shewa. Ogan tallar, wani Bayarabe mai suna Mista Adisa, ya ce an gama, shi ne.

Matsalar ɗaya ce. Cikin kan nan zafi ne kamar tanda, shi ya sa aka saka wata 'yar fanka mai batir a saman ƙeya. Iska kam tana bayarwa, amma ƙararta sai ka ce injin markaɗe aka ɗora maka a kunne. Daga waje ba a ji sosai don soson kan yana da kauri. Na ciki kuwa ko bindiga aka harba bai sani ba. Idan ana son ya juya sai a bugi kafaɗarsa.

Kowa ya san haka. Alhaji Hashim da kansa ya taɓa saka kan don ya gani, ya cire yana sosa kunne yana cewa, "Wannan ai azaba ce, ba aiki ba." Daga ranar aka yi ittifaƙi a Shasha cewa Zakara kurma ne.

Babandi ya yi wata guda yana dawowa gida kunne na kuwwa. Haulatu ta ce masa ga tuwo, sai ya ɗaga murya ya ce, "Eh? Wa ya mutu?"

Da abin ya ishe shi, ya ɗauki kan a buhu ya kai wa Malam Mahmuda, wani dattijo mai gyaran rediyo a Mokola, mutum marar yawan magana. Malam Mahmuda ya kunna fankar, ya ɗora tafin hannu a jikin kan, ya kasa kunne.

"Ba fankar ce ke ihu ba," in ji shi. "Kan ne. Sun ɗaure injin da noti a jikin ƙwaryar, shi yana rawa, ita tana amsawa. Ganga suka ɗora maka."

Ya kwance notin. Ya yanko robar cikin tayar keke, ya rataye injin a kanta ta kusurwa huɗu yadda ba ya taɓa komai. Ya duba fukafukan ya ga ɗaya ya ɓalle a baki, sai ya goge sauran har suka zo daidai. Ya ɗiga man keken ɗinki a gindin injin. Ya liƙa soson katifa a kewaye, amma ya bar hanyar iska. Batir huɗu ne, ya cire ɗaya.

"Malam, ka rage mini iska!"

"Na rage maka hauka dai. Saka ka ji."

Babandi ya saka. Iska mai sanyi na sauka a ƙeyarsa, kuma yana jin tafiyar agogon bangon shagon. Har muryar mai gasa masara a tsallaken titi yana ji.

"Ka gaya wa oganka," in ji Malam Mahmuda, "don kar a ci gaba da dukan kafaɗarka a banza."

"Yau ɗin nan, Malam."

Bai gaya wa kowa ba.

Dokar kamfani ita ce ba a cire kai a gaban jama'a, ko lokacin hutu. Don haka idan an kashe lasifika, Zakara kan zauna a benci a inuwar rumfuna, fukafukai a kan gwiwa. Mutane kuwa sun saba da shi kamar turmi. A gefensa ake gulma, a gefensa ake shawara. Babandi ya iya wasan: ko an kira sunansa ba ya motsi sai an buge shi.

Da yamma sai ya zo teburin mai shayi ya harɗe ƙafa.

"Jama'a, ni fa kwanan nan wani abu na zo mini a mafarki. Kai Ɗan'auta, akuyar da ka ce ta ɓata, ba surukinka ka kai wa a ɓoye ba?"

Ɗan'auta ya ƙware da shayi.

Kwana biyu ya faɗi wanda ke shafa wa gemunsa baƙin shuni. Kwana uku ya faɗi wanda zai ƙara aure kafin uwargida ta ji. Aka fara ba shi wuri idan ya zo. Wani ma ya tambaye shi ko zai duba masa tafiyar Kano. Babandi ya lumshe ido ya ce sai ya kwana da maganar.

To akwai aminin Alhaji Hashim, Alhaji Yusha'u. Shekara ashirin suna haɗa mota ɗaya daga Arewa, rumfarsu na jikin juna, kwano ɗaya suke ci. Wata rana a lokacin hutu, Zakara na zaune a bayansu, Alhaji Yusha'u ya matso ya rage murya.

"Hashim, zan gaya maka abu, amma ya tsaya nan. Na shiga ajin manya a Mokola. Na gaji da miƙa wa mutane takardar kaya su karanta mini. Ni kaɗai ne namiji, sauran duk matan Yarabawa ne. Jiya malamar, da muke ce wa Anti, ta sa na tashi na karanta baƙaƙe a allo, gumi har cikin takalmina."

"Wallahi ka burge ni," in ji Alhaji Hashim. "Ba mai ji daga bakina."

A cikin kai, Babandi ya ciji leɓe don kar dariya ta fito.

A yammacin nan ya jira har teburin ya cika, Alhaji Yusha'u da Alhaji Hashim na zaune. Babandi ya miƙe ya kama kunnuwansa kamar ɗan firamare, ya maƙale murya:

"Anti, in fita fitsari? Anti, ni ne Alhaji, na manta allona!"

Aka fashe. Wani ya faɗo daga benci. Babandi ya ƙara da bayanin ajin, da matan, da gumin cikin takalmi.

Alhaji Yusha'u bai yi dariya ba. Ya ajiye kofinsa, ya dubi Alhaji Hashim ya ce, "Mutum ɗaya na gaya wa. Kuma ƙanin matarsa ne ke ba da labari." Ya saka hularsa ya tafi.

Alhaji Hashim ya bi shi yana rantsuwa, amma Alhaji Yusha'u bai juyo ba. Washegari ya sa aka kafa buhuna tsakanin rumfunan biyu. Ya daina zuwa ajin. Ya kuma aika cewa motar wata mai zuwa kowa ya nemi tasa.

Babandi ya ga abin ya wuce wasa, amma idan ya faɗi gaskiya, mafarki ya ƙare, wataƙila aikin ma ya tafi. Ya ce a ransa za su shirya da kansu. Sati biyu ba su shirya ba. Alhaji Hashim ya rage cin abinci, ya koma zama shi kaɗai a zaure.

Haulatu dai ita ta goyi Babandi, ta san mafarkinsa bai taɓa wuce na nama ba. Kuma ta lura da wani abu. Yaron da kwanakin baya sai an yi masa ihu, yanzu tana buɗe murfin kwanon alkaki a ƙuryar ɗaki zai leƙo daga tsakar gida ya ce, "Yaya, a ɗanɗana mana." Ta shirya masa tarko a ranta.

Ranar Asabar bayan la'asar motar talla ta shigo cikin Sabo, ta tsaya daidai ƙofar gidansu. Mata suka fito bakin zaure karɓar kyautar dunƙule. Aka yi rawa, aka kashe lasifika, Zakara ya zauna a bencin ƙofar gida. Alhaji Hashim na gefe guda. Alhaji Yusha'u na tsallaken titi wajen mai goro, ya ba su baya.

Haulatu ta tsaya a bakin zaure, taku uku a bayan Zakara, ita da maƙwabciyarta Amariya. Ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Amariya, kar ki yi ihu. Dubi ƙafar bencin can. Kunama ce."

"Innalillahi! Baƙa ce ma. Daga buhunan albasa ta fito."

Babandi ya sandare. Ta ramin bakin zakara gaba kawai ake gani, ƙasa kuwa sai an sunkuya. Idan ya sunkuya, ya ji. Ya ce a ransa, zauna Babandi, ƙila wucewa za ta yi.

"Ta hau ƙafarsa ta hagu," in ji Haulatu.

"Mu gaya masa mana!"

"Ta yaya? Ai ba ya ji. Idan kuma muka buge shi ya zabura, ta harbe shi. Bari mu gani ko za ta sauka."

Babandi ya fara jin wani abu na tafiya a ƙwaurinsa. Ƙafa ɗaya, biyu, har takwas ya ƙirga. Fanka na hura masa iska, gumi na zuba kamar an kunna famfo.

"Wayyo, ta sami inda rigar ta yage a gwiwa."

"Ta shiga?"

"Ta shiga. Sama take yi. Allah sarki ƙanina, ko aure bai yi ba."

Nan Zakara ya tashi sama. Waɗanda suka gani sun ce ƙafafunsa sun wuce tsayin bencin. Ya faɗi ya yi birgima, yana dukan cinyoyinsa da fukafukai, yana kururuwa daga cikin kai:

"Kunama! Kunama a wandona! Ku cire ni! Yaya, ta hagu ko ta dama?"

Mista Adisa ya rugo yana tambayar abin da ya faru da Turancin buroka, "Wetin happen? Wetin happen?" Aka fizge kan, aka zare rigar, aka zazzage. Ba kunama, ba ɗiyarta. Rigar ma ba ta yage ba.

Haulatu ta gyara mayafinta.

"Babandi, wa ya gaya maka akwai kunama?"

"Ai... a jikina na ji."

"Ka ce 'Yaya, ta hagu ko ta dama.' Ni a bayanka nake, ban taɓa ka ba, kuma raɗa nake yi. Amariya, ƙarya na yi?"

"Ko mai goro bai ji mu ba," in ji Amariya.

Haulatu ta ce wa mijinta, "Alhaji, saka kan nan." Fankar na juyawa har lokacin. Alhaji Hashim ya saka, sai muryarsa ta fito daga bakin zakara:

"Yusha'u! Ina jin ƙarar carbinka daga nan!"

Alhaji Yusha'u ya tsallako a hankali. Shi ma ya saka, ya cire. Ya daɗe yana kallon amininsa, sannan ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Hashim, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Ni dai ka kwashe buhunan nan, sun tare mini iska."

Babandi ya fara ja da baya, Ɗan'auta ya riƙe masa wuyan singileti. Mista Adisa ya ce a kore shi kawai. Alhaji Yusha'u ya ce a'a, korar ta yi masa sauƙi. Ya sa aka kawo kwali da gawayi, ya durƙusa a gaban kowa, harshe a waje, ya rubuta baƙi ɗaya bayan ɗaya: ZAKARA YANA JI. Aka rataya wa Babandi a wuya.

Hukuncin kuwa, Litinin da azahar zai zagaya Shasha rumfa-rumfa cikin cikakkun kaya, ya durƙusa wa duk wanda ya tona, ya nemi gafara. Haulatu ta miƙa hannu cikin kan, ta zare batiran nan uku ta ƙulle a bakin zaninta.

"Yaya, ko ɗaya ki bar mini. Rana fa ake yi!"

"Rumfa goma sha bakwai ce," in ji ta. "Ka sha ruwa kafin ka fita."

Darasi: Maganar da ba kai aka gaya wa ba amana ce ko da kunnenka ya tsince ta, kuma dariyar minti biyar na iya raba zumuncin shekara ashirin. Idan wani ya gyara maka abu don ka huta, kada ka mai da shi makamin cutar mutane. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wannan abokin naku da kullum yake cewa shi bai ji komai ba.