Allin Nomau Mai Walda

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, ana ce masa Nomau. Walda yake yi, har hasken wutar ya fara cin idonsa. In ya haɗa ƙarfe da ƙarfe, sai ya shafa alli a gefe guda, ya zuba kananzir a ɗaya gefen, ya zauna jira. In akwai tsaga, ko ba ta kai silin gashi ba, kananzir zai ratsa ya ɓata allin. Ku saurara, jama'a, kananzir ba ya jin nauyin kowa.

Wani attajiri, Alhaji Barmo, ya ba shi aikin jirgin ƙarfe na fiton 'yan kasuwa. Ana gobe kasuwa, sai ga tabo a allin gindin jirgin.

Nomau ya ce, "Alhaji, waldata ba ta kama ba a nan. Wuta ba ta ci ƙarfen har ciki ba. Sai na kankare na sake."

Alhaji ya ce, "Kai Nomau, makaranta ka buɗe ne kake ta fama da alli? Shafa fenti, wa zai gani?"

"Ruwa zai gani, ranka ya daɗe."

Alhaji ya sa aka janye jirgin, aka shafe shi da koren fenti. Da safe Nomau ya tsaya a bakin ruwa yana cewa, "Kada ku shiga! Aikina ne, bai yi ba!" Aka yi ta dariya. Wa ya taɓa ganin mai sana'a yana kushe hannunsa? Suka shiga, har da mata masu goyo. A tsakiyar kogi waldar ta buɗe.

Da aka jera gawawwaki a kan yashi, ba wanda ya tambayi mai fenti. Mai walda aka tambaya. Nomau ya ce, "Ni ne." Aka ƙone rumfarsa, aka kore shi, ya mutu makaho a garin da ba a san shi ba. Alhaji kuwa ya sayi sabon jirgi, kuma bai taɓa rasa sahun gaba a masallaci ba.

To, kada wani ya ruɗe ku cewa duniya na biyan mai gaskiya. Ladan Nomau yana wurin Allah. Ku da ke zaune nan, kowa ya san inda tsagarsa take, a mudu, a aure, a amana, kuma kowa da gwangwanin fentinsa. Ku shafa wa aikinku alli tun kuna kan tudu. Ranar fito, ruwa ba ya duba fenti.