Mutumin da Ya Sayar da Inuwar Ubansa

An yi wani mutum a nan Sakkwato, ya 'yan uwa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma 'ya'yan ba su yi wa kowa laifi ba. Mai ilimi ne. Takardunsa na makaranta in an shimfiɗa su za su rufe tabarma.

Mahaifinsa falken shanu ne. Ya rasu ya bar tsohon gida a wani ƙauye bayan gari, ginin kakanni tun zamanin Turawa, mai soro biyu da rufin azara. A bayan gidan akwai itatuwa: mangwaro, giginya, gawo, da wata tsamiya da mutum uku ba sa rungume ta. Yawancinsu tsohon ne ya dasa da hannunsa, ya shayar da su da guga. Kafin ya cika ya tara shaidu ya ce itatuwan nan wakafi ne, kowa ya sha inuwa, kowa ya ci 'ya'ya, kada a sa musu gatari. Aka binne shi a gindin tsamiyar, aka kafa fasasshiyar tukunya a kan kabarin, kamar yadda aka saba.

Yayar mutumin nan, Wasila, tana aure a ƙauyen. Kowace Juma'a takan je ta share gindin tsamiya ta yi wa ubanta addu'a.

Shi kuwa ɗan yana zaune a Tudun Wada, amma zuciyarsa tana Sama Road. Yana son gida mai dogon ƙyaure a cikin manya. Har ya fara gaisawa da maƙwabtan da bai samu ba tukuna. Sai ya ɗauki hotunan gidan ubansa da itatuwan ya sa a waya, ya rubuta: tsohon gida mai tarihi, na sayarwa. Wani likita da ke aiki a Abuja ya gani, ya ce zai zo bayan wata biyu, kuma ba zai yi ciniki ba.

Ɗan ya nemi shawarar wani dillalin filaye, Na'Allah. Shi Na'Allah duk rayuwarsa bai taɓa sayar da komai ba sai fili tas, wanda ake ja wa igiya a yanka. Ya zagaya wurin ya ce, "Alhaji, wa zai sai daji? Manya fili suka so. Kuma in mutum ya ga kushewa bayan ɗaki, ko kyauta ba shi amsa."

Mai takardu ya ji maganar ta yi ma'ana.

Ya jira Wasila ta tafi Umara, tafiyar da ta shekara goma tana buri. Ya kawo masu injin yanka itace. Cikin kwana tara suka kwantar da abin da aka yi shekara sittin ana reno. Masu gidajen burodi suka zo da motoci suka kwashe. Aka tone kututture don kada ya ɓata wa mai saye rai. Tukunyar nan ta kan kabari, shi da kansa ya cire ta ya jefa bayan katanga, sannan motar baje ƙasa ta bi ta kai. Dattawan ƙauye suka zo suka tuna masa wasiyya. Ya ce su kawo a rubuce.

Likita ya iso da azahar. Ya fito daga mota, ya duba wayarsa, ya duba filin, ya sake duba wayar.

"Ina itatuwan?"

"Mun gyara maka, ranka ya daɗe."

"Fili ai ko'ina akwai shi. Inuwa na zo saye."

Ko ruwa bai sha ba ya juya.

Wasila ta dawo da gorar zamzam, tana son ta yayyafa a kabarin ubanta. Ta tsaya a tsakiyar rana, ba ta gane gabas ba balle tsamiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ƙanena, ban tambaye ka icce ba. Gwada min inda Baba yake."

Ya nuna can. Ya matsa, ya nuna nan. Sai ya sauke hannu.

Daga ranar ba ta sake amsa sallamarsa ba.

Damina ta sauka. Ruwan tudu da saiwoyi suke tarewa tun kafin a haife shi ya sami hanya. Shekarar farko ya ci katanga. Ta biyu ya ɗauke soro ɗaya. Yau kwazazzabo ne ya raba filin biyu, kuma Na'Allah ya ce shi ba ya sayar da rami. Mutanen ƙauye in sun hango ɗan sukan shige gida. Sama Road tana nan inda take, yakan bi ta a Keke Napep.

Kowace Juma'a yanzu yakan je. Yakan tsaya a rana, irin ranar Sakkwato da kuka sani, ya ɗaga hannu yana addu'a, wannan mako a nan, mako mai zuwa a can. Bai san ko a kan ubansa yake tsaye ba, ko kuwa ruwa ya daɗe da tafiya da shi.

Ya 'yan uwa, me ya samu? Tsoho ya dasa sadaka mai gudana don ta bi shi kabari, ɗan cikinsa ya tare ta a hanya. Ladan shekara sittin, an gasa burodi da shi, mun sha shayi. Wakafi ba gado ba ne. Abin da aka ba Allah ya fita daga hannun magada, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Wanda ya ce a kawo masa a rubuce ya kwantar da hankalinsa, akwai masu rubutu a kafaɗunsa, kuma ba sa tafiya hutu.

Kowannenmu ya duba abin da aka bar masa amana kafin ya kira dillali.

Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya ba mu 'ya'yan da za su san inda muke kwance. Allah ya kiyaye mu.