Goggo da Kujerun Sai-Na-Ce

Akwai wani jirgin sama na dakon kaya da ya yi aikin soja a zamanin yaƙi. Sojoji suka raɗa masa suna Goggo, domin sai ta yi tari ta yi mita kafin ta tashi, amma ba ta taɓa barin 'ya'yanta da yunwa ba.

Takan kai hatsi da magani da barguna bakin daga, ta komo da masu rauni. Jikinta duk faci ne, inda harsashi ya huda aka liƙe. Ƙa'idarta guda ce: wanda ke zubar da jini shi ne gaba, kaya su jira.

Wata safiya an gama jera majinyata a cikinta, sai ga wani babban hafsa da ake kira Sai-Na-Ce. An yi masa canjin wurin aiki, ya zo da mota shaƙe da kujerun katako da gadaje da wani ƙaton kabad na ƙarfe.

"A sauke majinyatan nan, a loda kayana," in ji shi.

Ma'aikaciyar jinya ta tare ƙofa. "Ranka ya daɗe, wannan ƙafarsa ta soma ruɓewa. In bai isa babban asibiti yau ba..."

"Ke 'yar nan, da ke nake magana? Gobe ma rana ce."

Wani kofur da aka naɗe wa kai ya ce daga kwance, "Bari, Yaya. Wataƙila kabad ɗin ya fi mu jin jiki."

Babu wanda ya yi dariya. Aka sauke su, aka shimfiɗe su a inuwar tanti, aka loda kayan hafsan. Matuƙin jirgin ya haɗiye fushinsa, ya tayar da inji.

Sun yi nisa sai injin hagu ya yi hayaƙi ya mutu. Wannan ba sabon abu ba ne ga Goggo. Ta sha komawa gida da inji ɗaya, muddin an buɗe ƙofa an watsar da kaya.

"A zubar da kayan!" in ji matuƙi.

Sai-Na-Ce ya jingina da kabad ɗinsa, ya dafa bindiga. "Duk wanda ya taɓa, zai gane kurensa."

Goggo ta yi ta sunkuyowa har ta kifa ciki a wata fadama. Fiffikenta ya karye, kabad ya tsinke igiya ya danne hafsan. Kowa ya fita da ransa. Jirgin da abokan gaba suka kasa kayarwa, kujerun zaure suka kayar da shi.

Aka dawo da Sai-Na-Ce tantin nan da karyayyen ƙugu. Shimfiɗar da aka ba shi ta mai ƙafar nan ce, wanda ya rasu yana jiran gobe.

"A kira jirgi ya kai ni asibiti!" Haka yake ta ihu.

Ma'aikaciyar jinya ta gyara masa bargo a hankali. "Guda ɗaya muke da shi, ranka ya daɗe. Yana fadama, yana gadin kujerunka."

Darasi: Tsanin da ka karya don hana wani hawa, shi za ka nema ranar da ka faɗa rami. Kada ka fifita kaya a kan rai. A tura wa duk wanda aka ba iko a kan masu rauni, ko Allah zai sa ya ji.