Gwana da Mataki na Bakwai

Akwai wata mata da 'yan gidansu ke kira Gwana, domin tun tana ƙarama duk abin da ta sa hannu a kai sai ya yi kyau. Aikinta zane ne a wani shagon buga takardu, tana tsara katuna da allunan talla a kwamfuta. Mace ce mai himma da riƙon alkawari, sai dai tana da aibi guda: ba ta ɗaukar gyara. Idan ka ce mata wannan layin ya karkace, sai ta ce idonka ne ya karkace.

Shekara biyu Gwana ta yi tana haɗa wani ɗan wasan waya ita kaɗai. Kullum idan ta taso daga aiki ta sallami yara, sai ta zauna a teburin da ke lungun falo, kusa da firji, ta buɗe tsohuwar kwamfutarta mai ƙarar fanka. Wasan na mai gyaran famfo ne. Ɗan wasa zai riƙa juya bututai da yatsa yana haɗa su, har ruwa ya taso daga tanki ya isa kowane gida kafin tankin ya ƙare. Mataki hamsin ta tsara, ita ta yi zanen, ita ta rubuta umarnin da ke tafiyar da shi. Ko ƙarar ɗigar ruwan a banɗakinta ta naɗa.

Da saura wata ɗaya ranar da ta sanar za ta saki wasan, sai ta buɗe zauren hira a waya ta gayyaci masu son gwadawa. Mutum ɗari biyu suka shiga. Kwana uku na farko yabo ake ta yi, Gwana tana karantawa tana murmushi. A rana ta huɗu ƙorafi ya fara shigowa, kuma kusan duka a kan mataki na bakwai ne. Wata malamar lissafi da ke zauren ta rubuta doguwar magana ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce bututan sun yi ƙanana, ruwan yana ƙarewa kafin mutum ya gane abin da ake so ya yi, ta gwada sau goma sha huɗu ta haƙura.

Ran Gwana ya ɓaci. Tana tsaye a bakin injin buga takardu ta mayar da amsa a gaban kowa: "Malama, wasan ba na masu gajen haƙuri ba ne. Ni cikin daƙiƙa arba'in nake gama matakin nan."

Malamar ta fice daga zauren. Kafin la'asar mutum talatin sun bi bayanta, sauran kuma suka yi tsit.

Da yamma maigidanta ya karanta abin da ta rubuta, ya ajiye wayar a hankali.

"Ke da kika gina matakin da hannunki, ai ko ido rufe kya gama shi," in ji shi. "Kin taɓa zama kin ga wani yana bugawa?"

"Me zan gani? Na san wasana."

"Kin san shi, ban musa ba. Jibi Kawu zai zo duba famfon kicin. Ki miƙa masa wayar, amma da sharaɗi: ba za ki ce uffan ba har ya ajiye."

Kawu ƙanin mahaifiyarta ne, ya shekara talatin yana gyaran famfo kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A wurinsa ta samo tunanin wasan tun asali. Ranar Asabar da hantsi, bayan ya ɗaure famfon ya wanke hannu, sai ta miƙa masa wayar. Ya gyara tabarau, ya zauna a kujerar falo, ita kuma ta tsaya a bayansa.

Mataki shida na farko ya wuce su yana dariya. Da ya kai na bakwai sai dariyar ta ɗauke. Yatsansa mai kauri ne, duk bututun da ya taɓa sai na kusa da shi ya juya. Akwai wani ɗan maɓalli a kusurwa wanda ke rage gudun ruwa, shi ne sirrin matakin gaba ɗaya, amma Kawu ko kallonsa bai yi ba, domin launinsa ya saje da bango. Gwana ta buɗe baki za ta nuna masa, maigidan ya yi gyaran murya daga ƙofar kicin. Ta haɗiye maganar. Tana kallo tanki ya ƙare sau ɗaya, sau biyu, har sau tara. 

Kawu ya cire tabarau ya miƙa mata wayar.

"'Yar nan, aikinki ya yi kyau, na ji daɗin na farkon nan. Amma wannan wurin, ko ni da na tsufa a cikin bututu ban san me kike so da ni ba. Ni idan na haɗa wa mutum famfo, ba na bin sa gida ina koya masa buɗewa. Idan ya murɗa ruwa bai zo ba, ba ya cewa hannunsa ne, ni yake aikawa a kira."

"Kawu, ga maɓallin nan fa a kusurwa," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ya mayar da tabarau, ya kawo wayar dab da hancinsa. "Wannan ɗigon? Na ɗauka datti ne, har na so in goge miki."

Maigidan ya fashe da dariya. Gwana ba ta yi ba. Bayan ta raka Kawu ta dawo, ta buɗe kwamfuta ta duba alƙaluman da ta daɗe tana kauce wa kallo. Cikin mutum ɗari biyu, goma sha ɗaya ne kawai suka tsallake mataki na bakwai. Ashe matakai arba'in da uku da ta ɓata fiye da shekara tana ƙawatawa, kusan babu wanda ya taɓa ganinsu.

Abin da Gwana ta yi daga nan shi ya sa har yau masu ba da labarinta ke yaba mata. Ba ta ɓoye ba, ba ta nemi uzuri ba. Ta shiga zauren nan da ta yi rashin kunyar a cikinsa ta rubuta: "Na yi wa Malama magana marar daɗi a gabanku, a gabanku kuma nake neman afuwarta. Gaskiya ta faɗa. Na ɗage ranar sakin wasan da wata uku, domin bai kai yadda na yi muku alkawari ba." Sannan ta nemi lambar malamar ta kira ta.

"Ai na ɗauka kin kira ki ƙarasa ni ne," in ji malamar.

"A'a Malama, kuskurena na kira in amsa. Ina roƙon ki dawo, kuma duk abin da kika gani kada ki sassauta min."

Malamar ta ce: "To, zan dawo. Amma ki sani, ni da jan biro nake duba aiki."

Wata ukun nan ba su zo da sauƙi ba. Wasu sun yi mata ba'a cewa ta kasa. Ita dai ta sayi littafi mai bangon kwali, duk ƙorafin da ya shigo sai ta rubuta, ta sa alama idan wani ya maimaita shi. Ta ƙara girman bututai. Ta mayar da maɓallin nan rawaya mai haske, ta kuma saka sabon mataki mai sauƙi wanda ke koya wa mutum amfaninsa. Wani direba ya ce shi ba ya bambanta ja da kore, sai ta sa wa bututun ruwan zafi, wanda ja ne, zane-zane. Lokacin hutun rana takan miƙa wa abokan aikinta waya, ta koma gefe ta zuba ido, hannuwanta a baya. Matakai shida da take ji da su ta cire gaba ɗaya, har da wanda ta yi mako uku tana zana masa gajimare, domin ta ga kowa yana hamma a cikinsu.

Amma ba kowace magana ta bi ba. Mutane da yawa sun matsa mata ta saka maɓallin da zai warware mataki da kansa idan ya gagara. Ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta amsa musu cikin ladabi cewa ba za ta saka ba, domin daɗin wasan yana wurin da mutum ya ga ruwa ya taho ta dabarar kansa. A maimakon haka ta sa idan mutum ya faɗi sau uku, bututu ɗaya zai yi ƙyalli ya nuna masa mafari. Malamar ce ta fara goyon bayanta, ta ce ita ma a aji hanya take nunawa, ba amsa ba.

Ranar da aka saki wasan, Gwana tana shago tana yanka katuna. Wasan bai girgiza duniya ba, amma cikin mako biyu mutum dubu huɗu sun sauke shi, kuma fiye da rabinsu sun wuce mataki na ashirin. A shafin ƙarshe ta jera sunayen duk waɗanda suka yi mata gyara, na malamar a sama. Wata mata ta rubuto cewa mahaifinta da ke jinya a asibiti ya gama wasan kaf, yana tambaya ko akwai ƙari. Gwana ta karanta saƙon sau biyu, ta tura wa malamar. Amsa ta dawo nan take: "Barka. Amma a mataki na talatin da ɗaya akwai bututun da ke maƙalewa." Gwana ta yi dariya har mai shagon ya ɗago kai, ta jawo littafinta ta rubuta.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, gwaninta ba ta hana mutum kuskure, kuma wanda ya yi abu da hannunsa shi ne ya fi kowa wahalar ganin aibinsa. Idan don mutane ka yi aiki, ka ba su dama su faɗa maka inda ya cije musu, ko da maganar ta zo da zafi. Idan ka yi wa mai gyara maka rashin adalci, ka nemi afuwarsa a inda ka ɓata masa. Sannan ka auna kowace shawara da hankalinka, ka ɗauki mai amfani, ka bar wadda za ta rushe manufarka. Karɓar gyara bai rage wa Gwana komai ba, shi ne ma ya kai aikinta hannun mutanen da ta yi dominsu.