Irin Dawar Uwar Zabuwa

Wannan tatsuniya a bakin Goggo Ladidi na fara jin ta, yayar babana, mai saƙar faifai. Lokacin ba yarinya ba ce ni, da goyona a baya. Ku matso, ku bar ture-ture.

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

"Ta iso mu ji ta, Kaka!"

Wai a wani birni mai ganuwa, Zakara ya auri Zabuwa. Shi ɗan birni ne, a nan aka ƙyanƙyashe shi, kuma yana da sana'a: shi ke tashin unguwa. In ya hau katanga ya yi cara, mahauta su tashi, masu ƙosai su hura wuta, kowa ya zo wucewa ya ce, "Sannu da aiki, Zakara." Wannan sannun ta fi masa tsaba daɗi.

Ita kuwa Zabuwa 'yar ƙauye ce. Da uwarta ta rasu, ta bar mata gona, ta bar mata gora ɗaya cike da irin dawa. Ba dawar kasuwa ba ce. Gajera ce, mai zaƙin kara, tana nuna da wuri, kuma duk ƙasar nan uwar Zabuwa kaɗai ke da ita. Zabuwa ta gauraya irin da toka don kada ƙwari su ci, ta liƙe bakin gorar da laka, ta rataye a ɗaki.

Wata rana ta ce, "Maigida, mu koma ƙauye. Gonar Inna ta zama jeji."

Ya ce, "Wa zan yi wa cara a can? Kututture?"

Da shekara ta kewayo ta ce, "Maigida, mu koma ƙauye. Birnin nan ya matse ni, ko gudu ba ni da wurin yi."

Ya ce, "Gudun me? Wani ya kore ki?"

A shekara ta uku ta sauko da gorar, ta ajiye a gabansa. Ta ce, "Iri ba ya daɗewa a rataye, in ya wuce bana zai mutu. Ba ni damina ɗaya. In irin Inna ya tsiro, mu zauna can. In bai tsiro ba, mu dawo, kuma bakina ba zai ƙara cewa ƙauye ba."

Zakara ya ce ya yarda.

To, a kusurwar zauren gidan nan Gizo yake zaune, ba noma ba saƙa, sai jiran abin da ya rage a akushin Zakara. Da ya ji maganar tafiya, ya ga abincinsa zai yanke. Ya bari sai da Zabuwa ta tafi sallamar maƙwabta, ya sauko da ɗan tsamin bakin nan nasa.

"Ranka ya daɗe, mai tashin gari! Kai ne za ka riƙe fartanya?"

Zakara ya ce, "Na riga na yi alkawari, Gizo."

"Alkawarinka yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ai cewa aka yi in ya tsiro. Kawo kasko."

Suka ɓalle lakar, suka juye irin, suka ɗora a wuta. Wanda ya fashe ya zama gugguru, Gizo ya cika baki yana cewa, "Wannan zai tona mana asiri, bari in ɓoye shi a cikina." Wanda bai fashe ba suka mayar gora, suka gauraya da toka, suka liƙe. Toka ta rufe komai. Ido ba zai gane ba.

Ke Tabawa, daina dariya. Gizo bai yi abin dariya ba.

Suka isa ƙauye. Maƙwabcin gonarsu wani tsohon Kunkuru ne, ya tarye su da murna, ya ara musu fartanya. Zabuwa ta yi sharar gona tana waƙa. Zakara bai taɓa sanin tana da waƙa ba.

Ruwan farko ya sauka. Ta kasa irin kashi uku, ta shuka kashi ɗaya. Kwana bakwai gonar Kunkuru ta yi kore, tata ƙasa ce zalla.

Ta ce, "Ɓeraye ne suka tone."

Zakara ya ce, "Su ne mana."

Ruwa na biyu ya sauka. Ta shuka kashi na biyu, ta yini a gona tana gadi, rana na dukanta. Kwana bakwai, shiru.

Ta ce, "Na binne shi da zurfi, hannuna ya manta aiki."

Zakara ya ce, "Zai yiwu." Amma bai iya kallon idonta ba.

A lokacin kuwa ƙauyen ya fara shiga ransa. Ga fara tana tsalle har cikin baki, ga iska, kuma in ya yi cara daga kan rumbu sai ya ji muryarsa ta kai har bakin rafi, ta dawo masa. Mutanen ƙauye suka riƙa cewa, "Mun yi dace da mai tashi."

Kunkuru ya zo da ƙwarya cike da tasa dawar. Ya ce, "'Yata, karɓi wannan ki shuka, lokaci na wucewa."

Zabuwa ta ce, "Na gode, Baba. Amma a kan irin Inna muka yi magana da maigidana. Ba zan cuce shi ba."

Kun ji fa. Ita ce ke tsoron kada ta cuce shi. Nan ne ya kamata Zakara ya buɗe baki. Da ya faɗa, da an yi faɗa, an yi kuka, an shuka dawar Kunkuru, an zauna. Ya buɗe bakin kuwa, sai kunya ta hana shi, ya yi tari, ya rufe.

Ruwa na uku ya sauka. Ta juye gorar kaf, har tokar. Wannan karon shi ya riƙa sara mata rami, tana jefawa, tana rufewa da ƙafa. Yana sara yana roƙon Allah a ransa ya sa a samu ƙwaya ɗaya da wuta ta tsallake. Kwana bakwai, kwana goma, kwana goma sha biyar.

Zabuwa ta durƙusa a tsakiyar gona ta fashe da kuka. Ta ce, "Ba ɓera ba ne, ba zurfi ba ne. Ni ce. Na bar Inna ta tsufa ita kaɗai ina birni, shi ya sa irinta ya ƙi hannuna." Ta share ido, ta ce, "Maigida, ka yi mini haƙuri damina guda. Tashi mu koma."

Ya ce, "Ko mu ƙara shekara..."

Ta ce, "A'a. Ba zan iya kallon gonar nan ba."

Suka dawo birni. Zakara ya hau katangarsa, aka ce masa sannu da aiki, sannun ba ta yi masa daɗi ba. Zabuwa ta cika alkawari, ba ta ƙara cewa ƙauye ba. Ba ta ƙara waƙa ba kuma. Ta dafa, ta share, ta zauna tana kallon bango.

Rannan suna cin abinci sai ga Gizo ya zuro daga rufi, yawu na zuba.

"Maraba da manoma! Zakara, don Allah akwai sauran dawar nan da muka soya? Ban taɓa cin gugguru mai zaƙinta ba."

Gizo ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ga ya yi ɓaranɓarama, ya bi zarensa ya haye, bai ƙara saukowa ba.

Zabuwa ta ajiye ludayi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Duka ka soya?"

"Duka."

"Ko ƙwaya ɗaya ba ka rage mini ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ki yafe mini. Gobe mu koma, wallahi yanzu ni ma ina so. Zan nemo miki iri ko daga ina."

Ta ce, "Daga ina? Wanda ke duniya ke nan, ka ba Gizo ya tauna. Da ka ce mini ba za ka iya ba, da na zauna, don na saba zama. Amma kana tsaye na ce Inna ta yi fushi da ni, ka bar ni da wannan."

Ta buɗe fiffike, ta tsallake katangar da yake cara a kai, ta nufi jeji.

Zakara ya bi ta har gonar, bai same ta ba. Ya shiga tonon ƙasa, rami bayan rami, ko zai sami ƙwaya ɗaya mai rai ya kai mata. Har yau bai daina ba. Ku duba shi a tsakar gida: tono yake, in ya tsinci ƙwaya ba ya haɗiyewa, sai ya hau kira. Kaji ne ke rugowa, wadda yake kira ba ta zuwa. Ita ma zabuwa, ko a gida kuka rene ta, ranta yana jeji.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, in kun saɓa da wanda kuke zama tare, ku yi musunku a fili, ko za a yini ana yi. Kada ku ci gardama da dabara a ɓoye. Za ku samu yadda kuke so, amma mutumin da za ku zauna da shi a wurin ba zai zama wanda kuka sani ba.

Ƙurungus, kan kusu ya faɗa toka. In da ƙarya a ciki, ku tuhumi Gizo.

Me ya sa Goggo ta ba ni ita da girmana? Tunda kun tambaya. A shekarar nan kakanku yana son mu bar birni mu koma garinsu, ni ba na so. Yayansa ya aiko a ce masa ya zo kafin damina ya karɓi gonar babansu, in bai zo ba za a ba wani. Saƙon ya iske ni ni kaɗai a gida, na haɗiye. Goggo ta sani. Ba ta zage ni ba, ta ci gaba da saƙarta, ta yi mini tatsuniya kamar ƙaramar yarinya. Gonar kam ta riga ta tafi, kakanku har ya rasu bai noma ƙasar babansa ba.

Washegarin daren da Goggo ta yi mini tatsuniyar, gari na wayewa, ko wuta ban hura ba, na ɗaure tukwanena a zane, na ajiye a ƙofar ɗakinsa, na durƙusa. Na ce, "Malam, wata biyu ke nan da aka aiko maka saƙo, ni na riƙe. Ga kayana na ɗaure, in garinku ne mu tafi, in gidanmu ne ka sallame ni."